Littattafan Sumayya Suna Kulle a Akwatina

Sarkin Dawaki, Jalingo.

Zuwa ga ɗana Jamaluddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara muku ita. Mu nan alhamdu lillahi, sai gwiwar nan tawa. Rufus maƙwabcina ke rubuta mini, na kuma ce kada ya sassauta ko kalma ɗaya.

Tun da ka koma Zariya ba ka taɓa ba ni amsar tambaya ba. In na kira, sai ka ce kana aji, za ka kira. Shekara da shekaru ina jiran a tashi daga ajin nan. Amma ran Asabar Maliki, wani yaron unguwarmu, ya kawo mini wayarsa rumfata, na ji ka a cikinta kana faɗa wa 'ya'yan mutane littattafan labari da na waƙoƙi da suka dace da matasa. Na sa ya yi ta maimaitawa har cajinta ya ƙare. Muryarka ta koma sak ta yayanka, marigayi Salihu.

To ga 'yar Salihun a gidana. Sumayya ta shiga shekara sha shida, ba ta rabuwa da littattafan da take arowa wurin ƙawarta Mabel a Kona. Da, in an yi la'asar, sai ta zauna gefen tabarmata tana karanta mini, ni kuwa ina ɗinkin hula. Akwai na wani yaro da ya gudu daga gida ya bi masu kwale-kwale, mun kai tsakiyarsa. Sai aka ce mini a masallaci irin littattafan nan ke lalata yara. Na kuma lura takan yi shiru, idonta na bin takarda, sannan ta juya shafi. Na tambaye ta me ta tsallake, ta ce, "Ba komai, Kaka." Na kwashe su duka na kulle a akwati.

Ba ta yi gardama ba. Takan gaishe ni, ta ajiye abinci, ta fita. Gwoggonka Furera ta ce har da littafin waƙoƙin makarantarsu na haɗa, wanda za su yi jarrabawa a kansa. Ni ina na san wanne ne wanne? Rufus ya ce in kawo ya duba mini. Na ce ina da ɗan da na sa a boko, ba zan kai aikinsa maƙwabta ba. Ga shi nan yana dariya.

Ban ce na yi kuskure ba. Sai dai la'asar ta yi mini tsawo, kuma ban san ko yaron nan na littafin ya koma wurin uwarsa ba.

Ka gai da matarka Khairiyya da ƙaramarku Hamna, wadda har yau a hoto kawai na san ta. Furera na gaishe ku. Ka zo ka ware mai kyau da maras kyau a gabana. In zuwan ya gagara, ka kira, Sumayya ta karanto maka sunayensu, in ji hukuncinka da kunnena. Jarrabawar bayan Sallah ce, kuma ba zan buɗe ba sai ka yi magana. Ka amsa mini, Jamaluddeen.

Mahaifinka,
Abdulmuttalib