Katin Mai Hula Irin Taka

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar? Ya su Inna da yara?

Ran Asabar da safe na ga wani tsohon katin ranar masoya wurin mai gwanjo a nan unguwar Port Richmond. An zana ma'aikacin jirgin ruwa a gaban jirginsa, da hula irin taka, hancinsa jawur. Na ɗauka sanyi ne, na saya maka. Da Alhaji mai shago ya karanta min, ashe zambo ne: wai 'yan jirgi mashaya ne, kowace tasha da budurwa. Na ce Kawuna ko sigari bai taɓa sha ba. Jirgin kaɗai na yanko, ga shi nan ciki.

A sa ni a addu'a, a gai da kowa. In labarin na sayi katin zambo ya riga wasiƙar nan isowa, a sani a gaban Alhaji da Mamman direba na yaga sauran.