Zanzaro a Cikin Ordinatar

Madawa, 14 ga Nuwamba, 1996

Zuwa ga Yaya Andarawus,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, da fatan kai da Elizabet da yara kuna lafiya a Abijan. Allah ya ƙara maku ƙarfi. Mu nan lafiya lau, an gama yankan hatsi, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi har tana zuwa sujada ba sanda.

Yaya, sai yanzu na yi numfashi. Ka san waƙoƙin Baba arba'in da biyu da na buga daga bakinsa kafin ya rasu, babu su ko'ina sai cikin ordinatar, wato kwamfutar ofishin ikilisiya, tun da ruwa ya cinye littafinsa. Ranar da ekran, allon ordinatar ɗin, ya yi baƙi, ji na yi kamar an sake yi mana rasuwa. Kart ɗin hoto da ka aiko ta hannun Hamani direba, wanda ake sawa cikin na'urar don ekran ya nuna hoto, ya iso lafiya, na gode. Alƙasim, mai gyaran na'urori a asibitin mishan, ya ga ramin tsohon kart ya ƙone, sai ya sa sabon a ramin da ke kusa. Muka kunna, ba hoto. Sai kuka na'urar ke yi, dogo ɗaya, gajeru biyu. Ya ce ma'anarsa ba ta ma san an sa mata kart ba.

Kwana uku muna fama. Ya canza waya, ya ɗauko ekran na aro, ya goge haƙoran kart ɗin da alkol na asibiti, duk a banza. Ba zan ɓoye maka ba, a zuciyata na zage ka, na ce Yaya ya je kasuwa an liƙa masa mushe. Ka yafe mini.

Inna ce ta raba gardama, ita da ko rediyo ba ta iya murɗawa. Tana zaune bakin ƙofa tana ɓarar gujiya, sai ta ce wai mu masu boko ba mu ga zanzaron da ke shiga yana fita ta bayan akwatin ba? Alƙasim ya haska tocila, sai ga laka a ƙarshen ramin, ta bushe ƙamas. Ita ta hana kart ɗin zama daidai. Har da haka sai da Inna ta yi mana faɗa, wai ba a rushe wa zanzaro gida. Na ce mata ta zaɓa, ko gidansa ko waƙoƙin mijinta. Ta juya baya, ta ce mu yi da sauri.

Da tsinken tsintsiya ya ƙwaƙule lakar, ya hure, ya danna kart har ya ce ƙas. Muka kunna. Ekran ya yi haske, ga su nan duka, ba ko ɗaya da ta ɓata. Na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Inna ta ce in nuna mata inda sunan Baba yake. Na ɗora yatsanta a kan sunan, Yunana, ta daɗe ba ta ɗauke ba, sannan ta fara rera waƙar da yake yi in zai tafi gona.

Ranar muka buga su a takarda har kashi uku, an toshe bayan akwatin kuma. Baba Yoshuwa da Lahadi suna gaishe ku, ka shafa mini kan Yelwa. Kashi ɗaya na cikin ambulan ɗin nan. Inna ta ce ka koya wa yaranka, don takarda ma ruwa na cin ta.

Ƙanwarka,
Jemima