Matar da Ke Buɗe Tanda

Paris, 18 ga Oktoba, 1906

Zuwa ga matata Honorine,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki? Kada ki ɗaga buhun fulawa da kanki, ki jira ƙanena Firmin.

Na sauka lafiya, na kuma sami ɗanmu Cyprien. Ya rame, Honorine. Ɗakinsa yana can ƙuryar saman bene, warin fenti kamar ya shaƙe mutum, abinci kuwa sai guntun cuku. Na isar masa da saƙon yayanki Fulbert, cewa kujerar akawu a ofishinsa na Marseille tana jiransa zuwa ƙarshen wata, daga nan a ba wani.  Sai ya ce, "Baba, ka ga aikina tukuna." Ashe an rataye zanensa guda a babban zauren da ake nuna aikin masu zane. Gobe za mu je. Da na gani zan tasa shi gaba mu taho.

Mijinki,
Aristide

Paris, 20 ga Oktoba

Honorine tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Firmin da maƙwabta. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Tun daga ƙofar ɗakin da aka sa zanensa muka jiyo dariya. Cyprien ya toge, ya ce zai jira ni a nan. Na kutsa cikin masu dogayen huluna, sai ga ki a bango.

Ke ce, kina buɗe tandarmu da asuba. Fuskarki ja da ruwan lemo, gefen wuyanki kore shar, bangon shagon shuɗi, burodin kamar an kunna masa wuta. Ta taga ga tekunmu na Cassis, ya mai da shi ja! Da farko kaina ya sara. Amma da na daɗe a tsaye sai na ji ɗumin tandar a fuskata, har ina jiran ki juyo ki ce in rufe ƙofa.

Wani mai sanda ya ce da matarsa, "Tukunyar fenti ce ta kife wa mashayi." Ita kuma ta ce, "Iyayensa dai sun shiga uku, ko a ina suke ɓuya?"

Na cire hulata na ce, "Madam, ga uban nan, bai ɓuya ba. Waccan kuma matata ce, ki gaishe ta."

Aka ƙara fashewa da dariya. Wani ya ce, "To tsoho, haka matar taka take kore?" Na ce, "Ko a kore ta fi taka kyau." Saura ƙiris mu ba hammata iska, sai da mai gadi ya shiga tsakani.

Ban gusa daga wurin ba har aka tashi. Duk wanda ya tsaya sai in ce masa, "Ɗana ne ya zana." Wasu su yi tsaki su wuce, wasu su daɗe suna kallo. Can na waiwaya, sai ga Cyprien ya shigo ya tsaya a kafaɗata. Na gyara masa wuyan riga.

Naki,
Aristide

Paris, 25 ga Oktoba

Uwar Cyprien,

Fatan kin tashi lafiya. Ranar Litinin zan iso, ni kaɗai. Ki yi wa Fulbert godiya, ki ce ya ba wani kujerar. Na san za ki yi kuka, ki yi, amma yaron nan ba akawu ba ne.

Ba wanda ya sayi zanen. Cyprien ya ce naki ne, da an rufe zauren zai kawo miki da kansa, ya yi Kirsimeti tare da mu. Ki sa Firmin ya sauke kantar da ke fuskantar ƙofar shago, nan za mu rataye shi, duk mai sayen burodi ya gani ko yana so ko ba ya so.

Kwana uku ke nan ina zaune a kujera yana zana ni. Jiya na leƙa, gemuna ya fito shunayya. Na koma na zauna, na ƙara ɗaga haɓa.

Mijinki mai kewarki,
Aristide Caubet