Dutsen Tagar Mama

Lewes, Sussex

Zuwa ga Yaya Clive,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa kuna lafiya kai da iyali a can Perth, ya ƙara muku kwanciyar hankali. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Mama ta yi sauƙi, ni kuma ina nan kasuwa ina fama da kabeji da masu latsa tumatir ba su saya ba.

Yaya, ilimi ya yi mana rana! Tsohon ramin allin da ya cinye ƙirjin Baba yanzu makaranta ne. Ana kawo yara mota-mota, kowa da hular kwano, su tsaya nesa da bangon da Baba ya yi shekaru yana hawa da hular ulu. Malaminsu, Malam Penfold, ya bayyana mana cewa wurin nan ƙasan teku ne a da can, allin kuma ɓawon ƙananun halittu ne da suka taru. Na ce ashe Baba masunci ne bai sani ba.

To ga damuwar. Ka san kambin makiyayi, dutsen da Baba ya tono wa Mama suna saurayi da budurwa, wanda take ajewa a taga don kada tsawa ta faɗo gidan. Malamin ya shigo shan shayi, ya gan shi, ya ɗauka yana ta jujjuya shi. Wai wata halittar teku ce mai ƙaya kamar bushiya ta zama dutse, kuma bai taɓa ganin lafiyayye irinsa ba. Mama da kunya, ta ba shi don yara su ƙaru. Yanzu ko gajimare ya gifta sai ta kashe rediyo, ta ɗauki jakarta ta zo ta zauna min a rumfa tana korar min masu ciniki da labarin gobara. Na ce in karɓo mata, ta ce, "Ke Noreen, so kike a ce ni matar Wilf na yi kyauta na ƙwace?"

Na tuna guda biyu Baba ya tono, ɗayan ya ɓace ranar da ka tafi. Don Allah ka aiko mata da shi kafin lokacin hadari.

Ka gaida Anti Glenys da su Keith. Mama na sa muku albarka. Na san za ka ce camfi ne, kai injiniya ba ka aje irin wannan tarkace. To hoton Kirsimetin da ka turo, mene ne wancan a tagar bayan kanka?

Ƙanwarka,
Noreen