Fitilar da Kaka Ta Lulluɓe

Zongo, Kumasi

Zuwa ga Hajiya Basiratu Sulemana,

Assalamu alaikum. Mma Hajiya, ki yi haƙuri da ƙarfin halin da na yi na rubuto miki alhali ba ki san ni ba. Sunana Najiba Wahabu, ina aji biyu a babbar sakandare, ɓangaren kimiyya. Kowace Asabar nakan saurari shirinki na rediyo inda kike bayanin lantarki da Hausa. Na so in bugo waya, amma duk Zongo za a gane muryata, shi ya sa na bar wannan takarda a gidan rediyon.

Ina zaune da kakata, Hajiya Ayishatu. Babana yana aiki a Italiya. Da ya ji dumso ya dawo, ana ɗauke wuta ba sallama, sai ya aiko wa Kaka fitilar sola mai ɗan faranti baƙi a bayanta, don ta riƙa karatun Alƙur'ani da asuba. Fitilar ta yi haske da farko, daga baya ta mutu.

Na san dalili. Kaka ta yi shekaru tana sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, kuma a wurinta rana ce ke kashe kaya. Duk abin da take ƙauna sai ta lulluɓe shi. Fitilar tana cikin kabad ɗin gilashi tare da kwanukan tangaran, an rufe ta da farin leshi. Na ce mata farantin yana juya haske ya zama lantarki, na kawo sunayen da muka koya a aji. Ta ce, "Ƙawata, wannan burofo naki, Turancin nan, ajiye shi a makaranta. Ubanki dai ya aiko min mushe."

Tun daga nan ba ta ɗaga wayarsa. A wayarta yake kira duk Juma'a, a nan nake jin muryarsa. Don Allah ki koya min yadda zan faɗa mata ta gane.

Na gode da karantawa. Allah ya ƙara girma.

'Yarki,
Najiba

*

Krofrom

Najiba 'yata,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Hajiya da kyau. Takardarki ta sa na yi dariya har shayina ya huce. Na yi aikin injiniyar lantarki har na yi ritaya, ban taɓa jin an sa wa sola leshi ba.

Amma kakarki ba ta yi wauta ba. Rana tana kashe launin atamfa, wannan gaskiya ne, kuma ta fi ni da ke saninsa. Idan kika fara da cewa ta yi kuskure, kin rufe ƙofa. Kada kuma ki sace fitilar ki shanya a ɓoye. Fitilar za ta kama, amma ran da kika tafi makaranta za ta koma kabad.

Ki ajiye kalmomin littafi. Ki zauna ki kalli kakarki yini guda. Me take kai wa rana da hannunta, da son ranta? Daga can za ki fara. Ba zan ba ki misali ba, domin ban san tsakar gidanku ba.

Ki rubuto min yadda aka yi. Allah ya yi miki albarka.

Basiratu

*

Zongo, Kumasi

Mma Hajiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da iyali. Na bi maganarki, amma na ɓata abin.

Na lura Kaka tana ajiye baho da ruwa a rana tun hantsi, don ta yi alwalar magariba da ruwan ɗumi saboda gwiwoyinta. Na ji daɗi paa. Na ce, "Kaka, kin ga rana ta faɗi amma ruwanki yana riƙe da ɗuminta? Haka fitilar take." Ta dube ni ta ce, "To, yau kin yi Hausa." Ta cire leshin da kanta.

Washegari aka tashi da hadari, rana ba ta fito ba. Na dawo daga makaranta na tarar ta jingina fitilar a gefen kurfoti, tana fifita gawayi. Ta ce tunda ɗumi take so, ga ɗumi. Gefen robar har ya fara lanƙwashewa. Na fizge ta ba tare da na ce komai ba, abin da ban taɓa yi mata ba. Maƙwabciyarmu Maame Ruwaida tana ta dariya, tana tambaya ko da shito, miyar yajin nan, za a ci fitilar.

Kaka ta ji kunya a gaban mutane. Ta ce, "Ke kika ce ɗumi, yanzu kuma kin ce ba ɗumi ba. Ke da ubanki ku bar ni." Fitilar ta koma kabad. Juma'a ta zo, waya ta yi ta ƙara, ba a ɗaga ba.

Ki gafarce ni da na sake damunki.

'Yarki,
Najiba

*

Krofrom

Najiba,

Wa alaikumus salam. Alhamdulillahi da kika fizge ta. Akwai batir a ciki, kuma batir da wuta ba sa haɗuwa. Duk wanda ya tambaye ki, wannan ki fara faɗa masa.

Ba ki ɓata komai ba. Kakarki ta fahimce ki sarai, har ta yi aiki da abin da kika ce. Misalinki ya nuna ajiya, wato aikin batir, kuma daidai ne. Amma ya shigo da zafi, farantin kuwa haske yake ci. Ko ranar hadari yana ɗan samu, zafi mai yawa ma rage masa ƙarfi yake. Duk misalin da za ki ba mutum, ki tambayi kanki: idan ya bi shi har ƙarshe, ina zai kai shi?

Ki fara ba ta haƙuri kan fizgewar. Sannan ki nemi abin da yake son haske, ba zafi ba. Wannan karon kada ki gaya mata. Ki tambaye ta, ki bar ta ta koya miki.

Ki gaida ta, ki gaida Maame mai shito.

Basiratu

*

Zongo, Kumasi

Mma Hajiya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da farin ciki.

Na ba Kaka haƙuri, ta ce ya wuce. Tana da na'a-na'a a gwangwanin tumatir, ta shayinta, kullum da safe tana fitar da ita bakin katanga. Na ce, "Kaka, me ya sa ba kya barin ta a kicin? Ai can ya fi zafi." Ta ce, "Ji 'yar makaranta! Zafi take ci? A kicin ganyenta ruwan ɗorawa yake yi ya zube. Haske take so."

  Sai ta juya ta kalli kabad ta ce, "Wannan baƙin abin da ke bayanta, ashe ganye ne?"

Yanzu fitilar tana yini a kan katanga kusa da gwangwanin. Kaka tana goge farantin da leshin nan, don ta ce ganye mai ƙura ba ya yin kyau. Na duba littafina, na ga ta yi gaskiya.

Ran Juma'a ita ta ɗaga waya. Ta ce, "Wahabu, ka aiko min shuka ba ka ce shuka ba ce!" Baba bai gane ba, ya yi ta cewa na'am. Ta miƙo min ta ce in yi masa bayani, tunda ya daɗe a Turai kansa ya cushe. Mun yi hira har kuɗin wayarsa ya ƙare.

Jiya Maame Ruwaida ta tsayar da ni, tana son sanin dalilin da bayan firij ɗinta yake zafi alhali cikinsa sanyi. Na ce ta ba ni lokaci. Na fara kallon tsakar gidanta, kuma ina jin na ga wani abu a randar ƙasarta, amma ina tsoron inda zai kai ta.

Mma Hajiya, idan ban cika damunki ba, ko za ki yarda in sake rubuto miki kafin in buɗe baki?

Allah ya saka da alheri. Kaka ta ce a kawo miki na'a-na'a, tana tare da takardar nan.

'Yarki,
Najiba