Bana Kaɗai Ta Rage wa Bishiyar Beppe

Leeuwarden, 6 ga Afrilu

Zuwa ga kakana, Pake Wiebe,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwa? Na rubuto ne tunda kunnenka ba ya shiri da waya, ni ma bakina ba ya shiri da ita.

A watan Nuwamba makarantarmu za ta fasa simintin wurin ajiye motoci, a dasa ɗan ƙaramin daji. Malama Hiske ta ce bishiyoyin ƙasarmu kaɗai za a sa, don su tsuntsaye da ƙwari suka sani. Sai na tuna babbar bishiyar nan ta eik da kakata marigayiya Beppe ta dasa a ƙofar gidanka. Ban ɗaga hannu na faɗa ba, ka san ni. Akwai ƙanana da suka tsiro a gindinta? Ɗaya kawai nake so.

Jikarka,
Jildou

Jubbega, 12 ga Afrilu

'Yar shiru-shiruna,

Gwiwa tana nan, ta ce a gaishe ki.

Na duba gindin bishiyar, babu ko ɗaya. Shekara arba'in, duk Asabar ina bin wurin da injin yankan ciyawa, ashe 'ya'yanta nake askewa. Na ajiye injin daga yau, ko da unguwa za ta ce Wiebe ya lalace.

Akwai maganar da uwarki ta ce kada in gaya miki tukuna. Ƙarshen Oktoba zan koma gidan tsofaffi. Waɗanda suka sayi gidan za su ƙara ɗaki daidai inda bishiyar take. Bana kaɗai ta rage mana.

Kakanki

Leeuwarden, 2 ga Yuni

Pake,

Ina gaisuwa. Ka yafe mini jinkiri. Sau uku na fara rubutu, takardar tana jiƙewa. Ban nuna wa Mama na sani ba.

Na ga katin da ka aiko, wai ƙanana bakwai sun tsiro a gindin bishiyar. Na ɓoye shi cikin littafin lissafi, ina leƙawa idan malami ya juya baya. Don Allah kada ka cire ciyawar da ke kewaye da su don wurin ya yi kyau. Na san hannunka yana ƙaiƙayi.

Taka,
Jildou

Jubbega, 19 ga Yuli

Jildou,

Gaisuwa. Ki zauna kafin ki karanta.

Ran Talata na je asibiti. Na dawo na tarar da ƙofar gida tas, an aske ta kamar kan soja, ga maƙwabcina Douwe tsaye yana share gumi.

Na ce, "Douwe, me ka yi?"

Ya ce, "Ba sai ka gode ba, tsoho. Tun Mayu matata take cewa in leƙa ko ka mutu a ciki."

Da na gaya masa abin da ya yanke, ya cire hula, ya tafi ko kofi bai sha ba. Washegari na gan shi a rarrafe a ƙarƙashin shinge, mutum mai shekara saba'in da takwas. Na ce ya tashi kafin a kira mana motar asibiti mu biyu. Ya ce in rufe masa baki. Sai azahar ya samo guda ɗaya, can inda injin ba ya kaiwa. Ganyenta huɗu. Tana cikin tsohon bokitin madara, Douwe yana zuwa duba ta safe da yamma.

Kakanki

Leeuwarden, 23 ga Nuwamba

Pake,

Ina gaisuwa. Yaya sabon ɗaki?

Mun dasa 'yar bishiyar da ka aiko a bokiti jiya, a cikin wasu ɗari shida, a cunkushe. Malama ta ce haka daji yake so, kuma ba a rataya wa kowace suna. Na auna wurin da ƙafata, taku goma sha ɗaya daga famfo. Amma ƙafata tana girma, Pake. Ka zo ka auna da taka.

Jikarka,
Jildou