Muryar Mama a Kyamarar 'Yar Sanda

Zuwa ga Yayata Odessa,

Gaisuwa mai tarin yawa, wadda ta ƙetare duwatsu da ƙanƙara har ta durƙusa a ƙofar gidanki a Alaska. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya sassauta miki ciwon gwiwa. Mu nan Ohio lafiya lau, sai kewa. Ki gafarce ni da na kutso cikin shirun da kika zaɓa tun bayan jana'izar Mama. Da akwai wata ƙofa, da ban ƙwanƙwasa taki ba.

Kin tuna ranar da Mama ta fice da tsakar rana, mako uku kafin rasuwarta, hankalinta ya koma shekarun baya, har wata 'yar sanda mai suna Renteria ta tsince ta a tashar bas. Kwanan baya na haɗu da 'yar sandar nan a bakin coci. Ta ce kyamarar da ke maƙale a ƙirjinta ta ɗauki zaman nan duka, minti arba'in, Mama tana rera waƙar da take yi in tana miki kitso, tana cewa Odessa take jira ta taso daga makaranta. Yaya, na birkice gidan nan kaf, ba mu da muryarta ko ta daƙiƙa ɗaya. Hotuna jingim, amma duk bebaye ne.

Da yake doka ta ba kowa damar neman irin wannan ɗauka, sai na rubuta wa 'yan sanda buƙata. Kin san halina: shafi uku na cika, har da baiti goma sha biyu a kan maraici. Bayan kwana goma sha tara aka dawo mini da ita. Da na je ofishinsu, Misis Dupree mai kula da ajiyar bayanai ta leƙo ni ta saman tabarau, ta ce sannu sarkin mawaƙa, waƙa kam ta sa ta hawaye, amma na'ura ba ta jin baiti. Kwanan wata take so, da lokaci, da sunan titi, ni kuwa ko ɗaya ban saka ba. A tsaye na cike takardarsu, layi huɗu kacal, kunya kamar in nutse.

Saura abu guda. Tunda marar lafiya aka ɗauka, ba za su saki ba sai da izinin wakiliyar da Mama ta naɗa, ke ke nan. Buƙatata ce kaɗai ta hana a goge ɗaukar. In izinin bai iso ranar ashirin ga watan gobe ba, za su rufe maganar, muryar ta tafi har abada.

Ki gaishe mini da maigidanki Leland da 'yarmu Marguerite. Matata Eudora tana gaishe ki da kyau.

Waya ba ta wadatar da 'yan sandan, sa hannu suke so. Ga takardar izinin na haɗo, don Allah ki mayar da amsa a rubuce cikin gaggawa. Ko ba ki ce mini uffan ba, sunanki kaɗai ya ishe ni.

Ƙaninki mai begenki,
Thaddeus